Ƙofar Haske ko Saurin Labule: Wanne Mai Kyamarar Fim Zai Riƙe a Hannunsa?

Wanda ya saba ɗaukar hoto da waya, ranar da ya fara riƙe kyamarar fim zai tarar babu allon da zai nuna masa abin da ya ɗauka. Fim ɗin milimita 35 hoto 36 yake ci, wani kuma 24, kuma ba a sanin an dace ko an yi ɓarna sai an kai shi wanki, bayan taro ya watse, amarya ta tare, dawakai sun koma turke. Ke nan duk shawarar da ta shafi haske kafin a danna maɓalli ake yanke ta, kuma irin kyamarar da mutum ya saya ita ce take ƙayyade wace shawara ce tasa, wacce ce kuma ta inji. Kyamarorin Japan da aka ƙera daga wajen 1972 zuwa tsakiyar shekarun 1980, waɗanda su ne suka fi yawa a wurin masu sayar da na hannu a yau, sun kasu gida uku a kan wannan batu. Akwai wadda take bar wa mai hoto komai, kamar Pentax K1000 da Nikon FM2. Akwai wadda mai hoto yake zaɓar saurin labule ita kuma ta zaɓi faɗin ƙofar haske, kamar Canon AE-1. Akwai kuma wadda shi yake zaɓar ƙofa ita ta zaɓi sauri, kamar Nikon FE da Olympus OM-2 da Minolta X-700. A wurin ciniki an fi duba tsabtar jiki da farashi, amma wannan bambancin shi ne mutum zai zauna da shi a kowane hoto da zai ɗauka.

Ƙarfin da fim yake da shi na jin haske, wanda ake rubutawa da lambar ISO a jikin kwalinsa, tsofaffin kyamarori kuma su rubuta ASA da lamba iri ɗaya, ba ya canzawa daga hoto na farko zuwa na ƙarshe. Da zarar an ɗora fim mai ISO 200 an rufe bayan kyamara, abu biyu ne kawai suka rage. Na farko shi ne ƙofar haske, wato ramin da wasu siraran ganyen ƙarfe suke yi a cikin gilashin kyamara, wanda masu hoto suke kira lens. Ana faɗaɗa ramin ko a tsuke shi da zobe mai lambobi 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16 da 22. Lambar tana samuwa ne idan aka raba tsawon gilashi, wato lambar milimita da aka rubuta a jikinsa, da faɗin ramin, shi ya sa gilashi mai milimita 50 a kan f/2 raminsa milimita 25 ne, a kan f/16 kuwa milimita 3 ne da 'yar ɗoriya. Lamba tana girma, ƙofa tana tsukewa. Na biyu shi ne labule, na ƙyalle ko na siraran faifan ƙarfe, wanda yake gaban fim, ya buɗe na ɗan lokaci sannan ya rufe. Lambobin da ke kan faifansa, 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125, 250, 500 da 1000, kason sakan ne, ta yadda 125 yake nufin kashi ɗaya cikin 125 na sakan ɗaya.

An tsara lambobin nan biyu ne domin su yi musaya. Kowane mataki ɗaya, a zobe ko a faifai, ko dai ya ninka hasken da fim zai sha ko ya raba shi biyu. Mai noman rani ya san wannan lissafin, domin fangali ɗaya ana iya cika shi ta hanyar buɗe bakin ruwa sosai na ɗan lokaci, ko a buɗe kaɗan a daɗe ana jira. Da fim mai ISO 100 a tsakiyar rana mai haske, f/16 da 1/125 daidai yake da f/11 da 1/250, daidai yake da f/8 da 1/500, daidai kuma yake da f/5.6 da 1/1000. Hasken ɗaya ne a duka huɗun, amma hotunan ba ɗaya ba ne.

Ƙofa ita ce take yanke zurfin wurin da zai fito ras. Idan aka saita gilashi mai milimita 50 a kan mutumin da yake nisan mita 2, a f/2 zurfin bai cika santimita 20 ba, saboda haka fuskarsa za ta fito amma wanda yake tsaye a bayan kafaɗarsa zai zama dishi-dishi. A f/8 zurfin yana kusantar santimita 80. Idan kuma aka bar shi a f/8 aka saita a kan mita 10, komai daga wajen mita 5 har iyakar gani zai fito. Hoton fuskar dattijo guda yana kyau da buɗaɗɗiyar ƙofa, wadda za ta narkar da hayaniyar da ke bayansa, alhali hoton dangi sahu uku a wurin ɗaurin aure ba ya yiwuwa sai an tsuke zuwa f/8 ko f/11, in ba haka ba sahun baya ya ɓace.

Labule kuma motsi yake kamawa, kuma motsin iri biyu ne. Akwai rawar hannun mai hoto, wadda ƙa'idarta sananniya ce: kada sauri ya gaza lambar tsawon gilashi, wato 1/60 ga milimita 50, 1/250 ga milimita 200. Akwai kuma motsin abin da ake ɗauka. Mai tafiya a ƙasa bai cika yin mita ɗaya da rabi a sakan ba, saboda haka a 1/125 ɗan motsin da zai yi santimita ɗaya ne da kaɗan. Dokin da yake sukuwa a kan kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a sakan, a 1/125 ya yi gaba da kusan santimita 9 labule yana buɗe, a 1/1000 kuwa santimita ɗaya. Daga nisan mita 15 da gilashin milimita 50, santimita 9 ɗin nan za su zama layin dishi-dishi mai kusan kashi uku cikin goma na milimita a kan nagatif, wato fim ɗin bayan an wanke shi, wanda ya ninka abin da ido yake yafewa sau goma idan an faɗaɗa hoton. Dokin da ya nufo mai hoto kai tsaye bai kai wanda yake gilmawa ta gabansa neman sauri ba.

Wadda ake riƙe wa labule

Canon AE-1 ta fito a 1976, tana cikin na farko da aka sa wa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, kuma an sayar da miliyoyi, shi ya sa har yanzu ba ta wuyar samu. Ana juya zoben gilashi zuwa alamar A, a zaɓi sauri daga sakan 2 zuwa 1/1000, sai allurar da ke cikin tagar leƙe ta nuna ƙofar da kyamara ta zaɓa. Amfanin wannan tsari a fili yake ga wanda motsi ne damuwarsa. Mai hoton da ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano, mahaya suna zuwa jafi, suna fita daga hasken la'asar su shiga ƙura da inuwa cikin ƙiftawar ido, idan ya ɗaure faifai a 1/500 ya san labulensa ba zai sauka ƙasa da haka ba, komai canjin haske. Haka mai ɗaukar ƙwallo ko dambe ko yara masu guje-guje.

Sai dai tsarin yana da rauni guda biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Na farko, ƙofa ba ta da matakai masu yawa. Gilashin milimita 50 na yau da kullum matakai shida ne zuwa bakwai tsakanin buɗewarsa da tsukewarsa, dogon gilashi mai farawa daga f/4 kuwa biyar yake da su zuwa f/22, alhali labulen kyamarar yana da goma sha ɗaya. Idan rana ta yi ƙasa kuma an ɗaure sauri a 1/500, kyamara za ta buɗe ƙofa har ƙarshe ta rasa abin ƙarawa, jar fitila ta riƙa ƙiftawa a tagar leƙe, kuma wanda hankalinsa yake kan doki bai cika lura da ita ba. Sakamakon shi ne nagatif fari fat, wanda babu abin da mai wanki zai iya fitarwa daga inuwarsa. Na biyu, zurfin hoto ya fita daga hannun mai shi. Wanda ya manta faifai a 1/1000 ya juya ya ɗauki sahun hakimai a ƙarƙashin rumfa zai samu kyamara ta buɗe zuwa f/2, mutum ɗaya ya fito, saura su narke. A kan wannan kuma, idan aka cire AE-1 daga A domin a saita da hannu, allurarta tana nuna ƙofar da ta ga ya dace ne kawai, ba ta nuna wadda aka sa, dole a riƙa sauke kyamara daga ido ana duba zobe.

Wadda ake riƙe wa ƙofa

Nikon FE ta fito a 1978. A wurinta faifan sauri ake sa wa a kan otomatik, mai hoto ya riƙe zoben ƙofa da hannun hagu, kyamara ta zaɓi lokaci daga sakan 8 zuwa 1/1000. Da yake lantarki ne yake ƙidaya lokacin, ba a tilasta mata tsayawa a kan lambobin da aka rubuta ba, tana iya ba da abin da yake tsakanin 1/250 da 1/500 idan shi haske ya nema. Olympus OM-2 ta 1975 ta ƙara da wata dabara, wato auna hasken da yake dawowa daga fuskar labule da ta fim a lokacin da ake ɗaukar hoton kansa.

A ganina wannan tsarin ya fi na AE-1, kuma dalilin ba son zurfin hoto ba ne kawai. Wanda ya riƙe ƙofa ya riƙe sauri ma, muddin idonsa yana kan allura. Idan yana son tsayar da doki, sai ya buɗe ƙofa har allura ta hau 1/500 ko 1/1000. Idan rana ta yi ƙasa, ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, kyamara za ta ba shi mafi saurin da hasken wurin zai iya ɗauka, ba za ta yi masa alƙawarin saurin da babu hasken biyansa ba. Abin da zai samu a mafi munin hali shi ne hoto mai cikakken haske da ɗan jan motsi a ƙafafun doki, wanda sau da yawa ma ƙara wa hoton rai yake yi, musamman idan an bi dokin da kyamara yayin dannawa a 1/125 ko 1/60, mahayi ya fito bayansa ya ja. Wannan ya fi nagatif marar komai nesa ba kusa ba.

Rauninsa shi ne sauri yana faɗuwa ba tare da sanarwa ba. Mutum ya ɗauki hotuna a waje a f/11, ya shiga zaure bai taɓa zobe ba, kyamara ta sauka zuwa 1/8 ko 1/4 domin ta cika haske, hannu kuma ya yi rawa. Da sabo kunne yana kama wannan, domin ƙarar labule tana rabuwa biyu idan lokaci ya yi tsawo, amma sai an yi asarar wasu hotuna kafin a saba. Kuma ba duk kyamarorin wannan gida ne suke daidai ba. Pentax ME ta 1976 ba ta da hanyar zaɓar matakan sauri da hannu, sai ME Super da ta biyo baya aka ƙara mata, saboda haka ta farkon ba ta dace da mai son koyo ba. Minolta X-700 ta 1981 tana da saitin hannu, amma tagarta saurin da mita, wato ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, ta ba da shawara kawai take nunawa, ba wanda aka sa ba. FE ita ce take nuna allura biyu, ɗaya ta abin da aka sa ɗaya ta abin da mita ta gani, ta yadda komawa saitin hannu ba ya ɗaukar komai.

Inda mita take ruɗewa

Duka tsare-tsaren otomatik biyun nan mita suke bi, mita kuma ba ta san abin da take kallo ba. An gina ta ne a kan zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke cikin hoto zai ba da ruwan toka matsakaici, mai mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A titi mai gidaje da bishiyoyi wannan zato yana tafiya daidai. A filin idi kuwa, inda farar shadda da farin rawani suka cika hoto, mita tana ganin haske ya yi yawa, sai ta rage mataki ɗaya ko biyu domin ta mayar da fari ruwan toka, fuskoki masu duhun fata su nutse gaba ɗaya. Idan aka matsa kusa fuska baƙa ta cika tsakiyar taga, ko aka tsayar da mutum a bakin ƙofa mai duhu, sai ta yi akasin haka, ta ƙara haske har aikin da ke wuyan riga ya ƙone. Mitocin wancan zamani tsakiyar hoto suka fi ba wa nauyi, na Nikon kashi 60 cikin ɗari, saboda haka ɗan karkata kyamara kaɗan yana iya canza awo alhali rana tana nan yadda take.

Masu ƙira sun san da matsalar. AE-1 tana da maɓallin da yake ƙara mataki ɗaya da rabi idan haske yana bayan mutum, FE kuma tana da faifan gyara mai ƙarawa ko ragewa har mataki biyu, da hanyar kulle awo idan aka tura sandar jinkirin ɗauka wajen gilashi. Suna aiki, amma kowane hoto sai an tuna da su, faifan gyara kuma idan aka manta shi a juye sai ya ɓata sauran fim ɗin.

A nan ne saitin hannu yake nuna darajarsa. Idan hasken wuri ba ya canzawa, kamar taron safe a fili ko zaman rumfa, sau ɗaya ake awo a bar shi, fari ya fito fari, baƙi ya fito baƙi, ko wane ne ya shigo hoton. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya sa tafin hannunsa a cikin irin hasken da yake kan fuskar wanda zai ɗauka, ya cika taga da shi, ya karanta mita, sannan ya ƙara mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi ruwan tokar nan haske da kimanin mataki guda kuma bai cika bambanta tsakanin mutane ba kamar yadda fuska take bambanta. Ko babu mita ma, akwai tsohuwar ƙa'idar rana: idan inuwa ta fito da kaifi, a sa f/16 da saurin da ya fi kusa da lambar fim, wato 1/125 ga ISO 100, 1/250 ga ISO 200, 1/500 ga ISO 400. Idan hazon hunturu ko siririn gajimare ya tausasa inuwa a koma f/11, idan inuwa ta kusa ɓacewa f/8, idan hadarin damina ya haɗu f/5.6, a inuwar gini ko dab da faɗuwar rana f/4. A kan farin rairayi mai ƙyalli ana tsukewa zuwa f/22. Ƙasashenmu suna kusa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12 ne a arewa, don haka da azahar rana tana saman kai, hula da rawani su jefa idanu cikin inuwa. A irin wannan lokaci gara a ƙara mataki ɗaya a kan ƙa'idar, ko a matsar da mutum inuwa.

K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, allura ɗaya ce kawai a tagarta, ba ta nuna ƙofa ko sauri, kuma mitarta ba ta da makunni, murfin gilashi ne yake hana ta cin batir. FM2 ta 1982 tana nuna duka biyun tare da 'yan fitilu uku na ƙari da daidai da ragi. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, saitin hannu ba ya gyara komai idan mutum allura kawai yake bi har ta tsaya a tsakiya a kowane hoto. Wanda yake haka aikin otomatik yake yi, sai dai a hankali, kuma farar riga za ta ruɗe shi kamar yadda take ruɗin inji. Amfanin yana zuwa ne lokacin da ya san dalilin da zai sa ya ƙi bin allurar. Inda haske yake canzawa da sauri kuwa, kamar cikin kasuwa mai rumfuna, mai saitin hannu zai rasa hotunan da mai FE zai samu.

Fim da batir da shekaru

Akwai abin da yake iya rushe duk wannan muhawara tun kafin a fara, wato fim ɗin da aka ɗora. Yawancin kyamarorin nan a 1/1000 suke tsayawa. Wanda ya sa Kodak Ultramax ko Ilford HP5 Plus, masu ISO 400, ya fita tsakar rana, zaɓi biyu kawai gare shi idan gilashinsa a f/16 yake tsayawa, f/16 da 1/500 ko f/11 da 1/1000, ko wane tsari kyamararsa take bi. Kodak Gold mai ISO 200 yana kai shi f/8, Ektar mai ISO 100 kuma f/5.6. Mai son buɗaɗɗiyar ƙofa a rana sai dai ya nemi FM2 ko FE2 ta 1983, masu kaiwa 1/4000, waɗanda da ISO 100 za su ba shi f/2.8, ko ya ɗaura filta mai rage haske ta ND8, wadda take cinye matakai uku. Fim mai ISO 400 na yamma ne da inuwa da cikin ɗaki, kuma shi ya dace da hawan da ake yi bayan la'asar.

Yafiyar fim ma ta bambanta. Nagatif mai launi, wanda ake wankewa da tsarin C-41, yana jure ƙarin haske na mataki biyu har uku, amma ragi da ya wuce mataki ɗaya yana mayar da inuwa laka mai tsakuwa-tsakuwa. Saboda haka idan ana shakka, ƙarawa ake yi, kuma da irin wannan fim kurakuran otomatik na ɓangaren ƙari ba sa damuwa, na ɓangaren ragi ne abin tsoro, wato dai matsalar farar riga. Fim ɗin silaid, wanda hoto yake fitowa a jikinsa kai tsaye da ainihin launinsa, irin Velvia 50 ko Ektachrome E100, na tsarin E-6, kuskuren rabin mataki ma yana nunawa a jikinsa, kuma ƙarin haske ne yake kashe shi. Shi awon hannu na natsuwa yake so.

Sai maganar batir. Labulen K1000 da FM2 da Olympus OM-1 sifirin ne yake tafiyar da shi, batir na mita ne kawai, idan ya mutu duk matakan sauri suna nan. AE-1 ba ta motsi sam idan babu batirinta mai bolt 6, samfurin 4LR44, wanda ba kowane shago yake ajiyewa ba. FE tana cin ƙananan LR44 ko SR44 guda biyu, waɗanda ake samu wurin masu agogo, kuma idan sun mutu tana da sauri ɗaya na inji, 1/90. OM-1 an yi mitarta ne domin batirin makuri mai bolt 1.35 da aka daina yi, idan aka sa mata na 1.5 awonta yana karkacewa sai an gyara ta ko an nemo madadi. A ɗaya ɓangaren, labulen sifirin da ya shekara arba'in man cikinsa yakan daskare, ƙura ta shiga, 1/1000 ya koma kusa da 1/500, amma mai gyara yana iya wanke shi ya daidaita. Na lantarki ya fi riƙe lokacinsa daidai, sai dai ranar da wani abu ya ƙone a cikinsa, samun madadi yana wuya.

Ga mai aiki da filasha, kowace kyamara tana da saurin da ba a wucewa, in an wuce wani ɓangaren hoto ya fito baƙi domin labule bai gama buɗewa ba. K1000 da AE-1 a 1/60 suke, FE a 1/125, FM2 ta farko a 1/200, wadda aka sabunta a 1/250. Da dare bambancin ba shi da nauyi, amma ga mai son cike inuwar fuska da filasha a rana, 1/60 ya yi kaɗan ƙwarai. Idan kuma lokaci ya wuce sakan ɗaya, sau da yawa fim ba ya bin lissafin musaya, HP5 Plus idan mita ta ce sakan 10 kusan 20 yake bukata, kuma babu otomatik ɗin da ya san wannan. Hoton dare na alamar B ne a faifan sauri, wadda take barin labule a buɗe muddin an danne maɓalli, da maɗori mai ƙafa uku.

Idan aka tambaye ni, wanda zai sayi kyamara ɗaya domin biki da tafiya da hoton iyali ya nemi mai riƙon ƙofa wadda take da cikakken saitin hannu, FE ko FE2 ko OM-2, ya yi otomatik inda haske yake sauyawa, ya koma hannu inda fararen kaya suka yi yawa. Wanda zai yi nisa da gari, ko yake son ya koyi karanta haske da idonsa, ko zai ɗora silaid, FM2 ta fi masa idan aljihu ya kai, K1000 ko Yashica FX-3 idan bai kai ba. AE-1 ta mai wasanni da dawaki ce, da sharaɗin ya ɗora nagatif mai ISO 400, ya riƙe batir na biyu a aljihu, ya kuma horar da idonsa ga jar fitilar nan.

Ko wacce aka zaɓa, a gwada ta kafin a kai ta taro. A buɗe bayanta a cire gilashi, a ɗaga ta wajen haske, a danna a kowane sauri daga sakan 1 zuwa sama, a tabbata labule ba ya maƙalewa kuma kowane mataki ya fi na baya gajarta. A duba soson da ke gefen murfi, domin zafi yana narkar da shi ya bar haske ya shiga. A fita rana a sa ISO 100 a nuna ta ga bangon ƙasa ko ciyawa, mita mai lafiya za ta ba da abin da yake kusa da f/16 da 1/125. Sannan a fim na farko a ware hotuna huɗu a kan bango ɗaya cikin minti ɗaya, f/16 da 1/125, f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, a rubuta jerin a takarda. Bayan wanki a ɗaga nagatif ɗin kansa wajen taga, kada a dogara da hoton da aka buga ko aka tura a waya, domin injin bugu yana daidaita haske da kansa ya ɓoye bambancin. Idan huɗun duhunsu ɗaya ne, labule lafiya lau yake. Idan na ƙarshe ya fi sauran duhu, ko gefe ɗaya nasa ya fi ɗayan haske, manyan saurin sun gaji, kuma kyamarar tana bukatar mai gyara kafin a ɗora mata fim na biyu.